Ita Ma Tana Bakin Daga: Martani Ga Baba Tsohon Soja

 Baba, rubutun da ka yi a kan samarin sojan yanzu ya iso mu Baleyara, har ranar Lahadi, ranar kasuwa, na ji ana ta maimaita shi a rumfar mai shayi da ke kusa da kasuwar shanu. Dattawa da yawa sun gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba. Da yake kai sa'an mahaifina ne, na ga ya fi dacewa in faɗi dalilina a gabanka da in koma gefe ina gunaguni.

Ga yadda na fahimci maganarka, in na kuskure ka gyara mini. Ka ce yaran yanzu sun ishi shugabanninsu da neman izinin zuwa gida, wannan matarsa ta shiga watanta, wancan za a yi masa suna, alhali ƙasa na cikin yaƙi. Ka ce wanda ya sa kaki ya riga ya ba da kansa, iyalinsa kuma sai su ɗauki haƙuri. Ka ce haihuwa sha'anin mata ce, har al'adarmu ma ta sa uba jin kunyar ɗan fari. Ka kawo labarin Sahabi Hanzala, ka kawo ƴan cin rani da ke shekara a Kumasi da Abijan matansu na haihuwa a bayansu, sannan ka rufe da cewa a zamanin mulkin Janar Seini Kunce ba wanda ya isa ya tunkari na sama da shi da irin wannan zance.

Akwai inda ba ni da ja. Ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe mana sojoji 71 a Inates. Ko wata guda ba a cika ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka sake kashe 89 a Shinagodar. Mu da ke kan hanyar Yamai zuwa Filinge mun ga motocin da suka wuce arewa, mun kuma san gidajen da aka yi zaman makoki. Ba mai hankalin da zai ce soja ya ajiye bindiga ranar da ake jiran hari ya hau mota don an buga masa waya. Idan ƙaho ya busa, kowa na wurinsa, mai jego da mai amarya duka. A nan ni da kai bakinmu ɗaya.

Inda muka rabu shi ne, ka ɗauki ranar hari ka shimfiɗa ta a kan shekara ɗungurungum. Hari ba ya sallama, gaskiya ne. Ciki kuwa yana sanar da zuwansa wata tara. A duk abubuwan da ke faɗo wa kwamanda a daji, da wuya a sami wanda ya kai haihuwar matar yaronsa ba da wa'adi tun da wuri. An san watan, ungozomar awo ma tana iya ƙiyasta makon. Abin da aka sani wata shida kafin ya zo, in ya zo ya tarar ba a shirya masa ba, wa za a ɗora wa laifi? Ni dai ba zan ɗora shi a kan yaron da ya zo ya ƙame ya nemi kwana goma ba.

Bari mu fara da Hanzala, Allah ya ƙara masa yarda, tunda shi ne ya fi ratsa zukatan masu saurarenka. Ya fita daga ɗakin amarya ya tafi Uhudu, ya yi shahada, ya bar matarsa da cikin ɗansa Abdullahi. Ba Musulmin da zai ji wannan labari idonsa bai kawo ruwa ba. Amma ka tuna ranar da abin ya faru: maƙiya ne suka iso bakin Madina, kira ne na gaggawa, irin wanda na riga na ce ba a jinkirta shi. Shekara guda kafin nan an yi Badar, inda Musulmi ɗari uku da ƴan kai suka fuskanci runduna mai kusan dubu. In akwai ranar da kowane takobi ke da tsada, wannan ce. Duk da haka Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar Usman ɗan Affan a Madina yana jinyar matarsa Ruƙayya, kuma ya ba shi rabon ganima da ladan wanda ya halarta. Ba a rubuta Usman cikin masu noƙewa ba, an lissafa jinyar a cikin aikin rundunar. Haka wani mutum ya zo ya ce an rubuta sunansa cikin mayaƙa, ga shi matarsa ta kama hanyar hajji, aka ce masa ya je ya yi hajji tare da ita.

Akwai wani labarin da na tabbata mutanen Baleyara za su fi kowa gane shi. An ruwaito cewa wani Annabi daga cikin Annabawan farko, da zai fita yaƙi, ya hana mutum uku bin sa: wanda ya ɗaura aure bai tare ba, da wanda ya gina gida bai yi masa rufi ba, da wanda ya sayi tumaki ko raƙuma masu ciki yana dakon haihuwarsu. Mu nan, da Buzu da Bafillace da Bazabarme da Bakurfe ke haɗuwa kowace Lahadi a kan dabba, mun san yadda hankalin mai saniya ke kwana a garke idan ta kusa. Shugaban yaƙi ne ya duba ya ga cewa mutumin da zuciyarsa ke wajen tunkiya mai ciki ba zai tsaya masa da kyau ba. To ina ga wanda zuciyarsa ke wajen ƴar mutane da ya auro, mai cikin fari, wadda ko ashirin ba ta cika ba?

Sai Sayyadina Umar, wanda ba a taɓa zargin sa da laushi ba. Yana zagayen dare ya ji wata mata na kukan kewar mijinta da ke wajen yaƙi. Bai aika a tsawata mata ba. Ya tambayi ƴarsa Hafsa iya tsawon da mace za ta jure, sannan ya yanka wa rundunoninsa wa'adi, wasu riwayoyin suka ce wata huɗu, wasu shida, bayan nan a sauya mutum ya koma gida. A lokacin nan rundunoninsa na karawa da Farisa da Rumawa, kuma ba mota, ba jirgi. Baba, wannan duka yana cikin addinin da ka kafa hujja da shi. Wanda ya karanta wa mutane Hanzala ya ɓoye musu Usman ya ba su rabin magana.

Batun kunya kuwa, ina ganin ka yi wa al'adarmu gajeren bayani. Gaskiya ne mace mai cikin fari tana komawa gidan iyayenta goyon ciki. Gaskiya ne uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban surukai, wani ma ranar suna sai ya ɓuya a ɗakin abokinsa. Sai dai kunyar nan baki take rufewa, ba ta ɗaure hannu. Wa ke kai itacen wankan jego? Wa ke sayen kanwa da kayan yaji da ƙauri? Wa ke neman rago, wa ke zaɓen sunan da za a yi wa yaro huɗuba da shi? Uban da ya ɓuya yana nan cikin gari, in an aika yaro da gudu za a same shi. Al'adar ta ginu ne a kan miji yana kusa yana kawaici. Ba ta san mijin da ke can bakin iyakar Mali, inda waya ba ta shiga, ba.

Kuma akwai abin da ba kowa ke son faɗa ba. A yawancin gidajenmu, idan naƙuda ta yi tsanani, ba a ɗaukar mace a kai ta likita sai da yawun mijinta. Wannan ne ma ya sa aka kafa makarantun mazaje a jihar Damagaram a wajen 2008, bayan an bincika an gano cewa ikon miji na daga cikin manyan abubuwan da ke tsakanin mace da ɗakin haihuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata 441 ke rasuwa a Nijar cikin kowace haihuwa 100,000. Tun zamanin Tanja Mamadu gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, kuma wannan ya ceci rayuka. Amma kyautar ba ta ɗauko mace daga ƙauye, ba ta ba da jini, ba ta kuma cewa «ku tafi da ita». Waɗannan uku mutum suke jira. Kakanninmu da suka ce haihuwa yaƙin mata ce, ba wasa suke yi ba, sun ƙirga kaburbura ne.

Ba daga takarda na san wannan ba. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, soja take aure. Ta zo goyon ciki gidanmu, a wani ƙauyen Tagazar da bai kai tafiyar awa biyu a amalanke daga Baleyara ba. Lokacin ana cikin dokar hana hawa babur da aka kafa a sassa da dama na jihar Tilaberi tun farkon 2020, ba ɗan kabu-kabun da zai yarda ya fito ko da rana, balle da dare. Mijin yana wani sansani can arewa. Ya nemi izini tun cikin na wata bakwai, aka ce ya dakata sai an sami mai canjinsa, mai canjin bai zo ba. Daren wata Asabar naƙuda ta tashi. Ta haihu kafin asuba, namiji, sai jini ya ɓalle. Tsofaffi suka yi abin da suka sani, bai tsaya ba. Na ce a ɗaura jaki. Mahaifinmu, mutumin da ban taɓa ganin ya ruɗe ba, ya tsaya riƙe da waya yana ta kiran lambar surukinsa, yana cewa matar mutane ce, a ji ta bakinsa tukuna. Lambar ba ta shiga. Mun ɓata kusan awa guda a kan wannan kafin mahaifiyarmu ta yafa mayafi ta ce ita za ta ɗauki alhakin, a tafi.

Mun bi ayarin masu kai dabbobi kasuwa, ita kwance a kan tabarma cikin amalanke, leɓɓanta sun yi fari. Ma'aikatan da muka tarar sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, suka ce sai an wuce da ita Yamai, kilomita kusan ɗari, kuma a zo da masu ba da jini. Ni na bayar, wani ɗan baffanmu ya bayar. Allah ya yi da sauran kwananta. Ranar suna tana gadon asibiti, aka yanka ragon a gida ba uwa ba uba. Mijin bai ji labari ba sai bayan kwana huɗu, da wani abokin aikinsa ya hau tudu ya sami layi. Ya ga ɗansa yaron na da wata uku. Da ya zo bai yi ƙorafi a kan kowa ba, ni ma ba na ƙorafi a kan kowa, don wanda ya hana shi tafiya shi ma ba shi da mutumin da zai sa a gurbinsa. Abu ɗaya ya faɗa mini da muka keɓe, cewa makonnin nan da yake jiran labari, in yana gadi da dare, idonsa na kan daji amma shi yana gida.

Wannan maganar tasa ita ce amsata ga masu cewa zancen iyali yana raunana runduna. Baba, kai ka fi ni sanin abin da ake nufi da gadi. Mutanen da suka afka wa Inates da Shinagodar a kan babura da motoci suka zo, da yawa, cikin sauri. A irin wannan wuri ran mutum hamsin na iya rataya a kan idon yaro ɗaya da kunnensa. Wanne ka fi so ya tsaya maka: wanda ya je ya ga matarsa ta tashi, ya ɗauki ɗansa, ya dawo da ƙafar rago a jakarsa ya raba wa abokai, ko wanda ya yi mako uku bai san ko tana raye ba? Ba tausayi nake roƙo a nan ba, lissafin yaƙi nake yi maka, irin wanda Umar ya yi.

Ka ce a zamanin Kunce ba a yin haka. Allah ya jiƙan Janar Seini Kunce, ɗan Fandu ne, nan kusa da mu, kuma har gobe tsofaffinmu na ambaton tsare gaskiyarsa daga 1974 har rasuwarsa a 1987. Amma ka faɗa wa yaran yanzu yadda aikin yake a lokacin. Sojojin ƙasar duka ƴan dubbai kaɗan ne, akasarinsu suna zaune a bariki a Yamai da Damagaram da Tawa da Agadas, matansu na kusa, kuma ƙasar ba ta cikin yaƙi irin wannan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sojan da matarsa ke bayan katangar bariki ba ya bukatar izinin kwana goma, shi ya sa ba ka ji ana nema ba. Jihar Tilaberi kuwa tun 2017 sassanta ke cikin dokar ta-ɓaci. Yaron da aka ɗauka aiki a shekarar yanzu magidanci ne mai ƴaƴa, kuma bai san wani aikin soja ba sai na daji. Haƙurin da ake nema daga gare shi da matarsa ba irin wanda aka nema daga gare ku ba ne, ko da sunan ɗaya ne.

A ƙarshen 2020 ministan tsaro na lokacin, Isufu Katambe, ya shaida wa majalisa cewa ana son ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Su wa ake ɗauka? Samari masu shekara ashirin da ɗoriya, daidai lokacin aure da haihuwar fari, a ƙasar da binciken 2021 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa shida da ɗan ɗori a rayuwarta. Ke nan a kowace runduna, kowane wata, akwai waɗanda matansu ke kan gwiwa. Abin da ke faruwa kullum ba a barin sa ga sa'a ko ga halin kwamanda. Idan ya dogara ga alfarma, wanda ya san wani zai tafi, ɗan talakan Bonkuku ko Damana da bai san kowa ba zai zauna, kuma wannan bambancin ya fi kowace kewar gida cin zuciyar runduna. Iyaye mata na Kurfai da Imanan da Tondikandiya suna kallo. Yadda aka riƙe matar ɗan maƙwabciya shi zai sa uwa ta sa wa nata albarka ranar ɗaukar soja, ko ta ɓoye masa takardun haihuwa ta tura shi Kwatano.

Misalin ƴan cin rani ba zan daɗe a kansa ba. Mai zuwa Kumasi shi ke zaɓen ranar tafiyarsa, yana dawowa in damina ta faɗi, in an kira shi yana iya sayar da hajarsa ya hau mota ba wanda zai kira shi mai gudun daga. Kansa yake yi wa aiki. Soja mu yake yi wa, kuma mu muka karɓe masa ikon tafiya. Wanda ya karɓe wa mutum ƙafa, shi ke da alhakin kai shi inda ya wajaba ya je.

Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo, cikin gundumar Walam. Sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da namu. Ɗaya daga cikinsu, Saje La David Johnson, ya bar matarsa da cikin wata shida. Duniya duka ta ga hotonta ta kifa kai a kan akwatin gawarsa, kuma da ta haifi ƴa mace a farkon 2018 jaridu sun ba da labari. Ka ga ko Amurka tana tura mai jiran haihuwa fagen fama, wannan hujja ce a gare ka, ban ɓoye ta ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Namu da suka faɗi a wuri ɗaya, rana ɗaya, su ma suna da mata. A Inates da Shinagodar mutum 160 ne cikin wata guda, galibinsu matasa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san a cikin matan da suka shiga takaba a lokacin akwai masu ciki, waɗanda takabarsu ba ta ƙare ba sai ranar da suka haihu, aka jinkirta rabon gado har sai an ga abin da Allah ya kawo. Yaran nan yanzu sun isa shiga makaranta. An binne mazan Inates da girmamawa a sansanin sojan sama na Yamai, an yi makokin kwana uku, kuma sun cancanci fiye da haka. Amma girman da aka yi wa uba a makabarta, a ɗakin uwar yaron ake gane ko ya kai gida.

A nan ne ma zancenka ya fi ba ni tsoro. Idan aka koya wa yaro cewa tunanin iyali rauni ne, ba zai tsaya ya yi abubuwan da ke kare iyalin in ta Allah ta kasance ba. Da yawa daga aurarrakinmu a masallaci ko a zaure ake ɗaura su, ba a kai su ma'aikatar magajin gari an yi takarda ba. Yaron da aka haifa a gida, uban na daji, sau da yawa ba mai zuwa ya yi masa takardar haihuwa a kan lokaci. Ranar da za a nemi haƙƙin mamaci, takarda ake tambaya. Matar da ba ta taɓa shiga ofis ba sai ta kama zirga-zirga tsakanin ƙauye da Yamai da jariri a baya. Kwana goman da kake gani kamar shagwaɓa, a cikinsu ne ake yin waɗannan takardu.

Ban ce mu kwaikwayi kowa ba. Amurka ta ba sojojinta mako 12 na haihuwa tun farkon 2023, Faransa ta kai hutun uba kwana 28 a 2021, Najeriya ta amince wa ma'aikatan tarayya maza kwana 14 a shekarar. Mu ba mu da yawan mutanen da za mu yi mako 12, kuma al'adarmu ba ta ma bukatar haka, tunda akwai kakanni da gwaggwanni masu riƙe mai jego har ta yi arba'in. Abin da ya dace da mu ɗan kaɗan ne. Soja ya sanar tun cikin na wata huɗu ko biyar, a rubuta. Idan ana tsara waɗanda za su canji wasu, a duba wannan rubutu kamar yadda ake duba lissafin harsashi da man mota. A ba shi kwanakin da za su haɗa haihuwa da suna, a kuma san yadda zai bi hanya lafiya, don hanyar Abala da Banibangu ba wadda ake sakin yaro shi kaɗai ba ce. In wuta ta hana, to ta hana, amma kafin ya tafi daji a sa shi ya naɗa wakili a gaban shaidu, wanda in dare ya yi zai ce a tafi da ita ba tare da jiran waya ba. Awa gudan da muka ɓata a gidanmu, wannan kaɗai ya isa ya hana ta ɓacewa. In kuwa akwai irin wannan a rubuce, to a karanta wa kowane sabon soja shi, a kuma yi wa kowa da shi daidai, na birni da na ƙauye. Malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da aka tura Sanam ko Abala suka bar iyali a kudu, su ma maganar ta shafe su.

Kuɗin wannan ba zai kai na motar yaƙi guda ba. Tun Oktoba 2023 talakawa ke zuba abin da suka samu a asusun ceton ƙasa, har da masu sayar da goro da ƴan tasha. Ba na jin akwai wanda zai ji haushi in aka ce wani ɗan kaso ya tafi ga kai matan sojoji asibiti da yi wa jariransu takardu. Shugaban ƙasa, Janar Abdurahman Tiani, ɗan ƙasar Filinge ne. Ya san nisan da ke tsakanin ƙauyukanmu da kwalta, ba sai an zana masa ba.

Mu ma na gida akwai namu. An ruwaito cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙi. Ƙasar Filinge da gidan sarautarta ke amsa sunan Mayaƙi bai kamata a ce matar soja ta rasa amalanke ko mai ba ta jini a cikinta ba. Mai unguwa ya san gidajen da mazansu ke daji. Limami ya sani. Samarin da ke zaman shayi za su iya zuwa a gwada jininsu a rubuta, tun kafin a bukata. Wannan ba sai mun jira Yamai ba.

Baba, kun yi wa ƙasar nan aiki lokacin da mu ba mu san komai ba, kuma maganarka tana da nauyin da tawa ba ta da shi. In ka ce wa kwamanda yaron nan rago ne, zai ji. In ka ce masa ya duba watan matar yaron kafin ya tsara canji, shi ma zai ji. Ina roƙonka ka tambayi Inna, wadda ta haifa maka ƴaƴanka, daren da ya fi mata tsawo a duk shekarun da ka yi cikin kaki, ka saurare ta har ta gama. Bayan nan ka sake ɗaukar alƙalami. In kuma hanya ta kawo ka Baleyara wata Lahadi, ka tsaya, zan kai ka ka ga ƙanwata da yaron, ka ji sauran daga bakinta.